Sankarar mafitsara a jikin ƙaramin yaro: ceton rai, da ceton mafitsarar kanta

Yaro ɗan shekara biyu ba zai iya cewa fitsari ya ƙi fita ba. Abin da uwarsa za ta gani shi ne ya tsuguna yana yunƙuri, fuska ta murtuke, yana kuka, sai ɗan ɗigo ya zubo. Kafin a jima ya sake tsugunawa. Kunzugun da ya saba tashi da shi sharkaf ya kwana kusan a bushe, mara kuwa ta yi tauri ta ɗago. Wata rana a ga fitsarin ya yi jaja-jaja, ko a tsinci wani ɗan gutsuren nama mai santsi a cikinsa.

Yawancin yaran da ke nuna irin waɗannan alamu ba sankara ke damunsu ba. Ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari sun fi yawa nesa ba kusa ba, ga tsakuwa, ga toshewar da ake haihuwar wasu yara maza da ita, ga tsargiya a yankunan da take yawo cikin ruwa. Matsalar ita ce wannan yawan nasu shi ke ɓoye cutar da ba a saba gani ba. A rubuta maganin ƙwayoyin cuta, yaro ya ɗan samu sauƙi, abin ya dawo, a sake rubuta wani. Makonni su shuɗe, ƙari yana ta girma a wurin da gaba ɗayansa, a wannan shekaru, bai wuce ya ɗauki mililita 100 na fitsari ko ɗan abin da ya ɗara haka ba. A ganina, duk ƙaramin yaron da fitsari ya riƙe masa, ko jini ya maimaita fitowa bayan an ba shi magani, ya cancanci a ɗora masa na'urar sikanin a mara. Gwaji ne marar zafi, ba ya buƙatar allurar barci, kuma sau da yawa shi ke fara tona asirin.

Idan aka ce sankarar mafitsara, tunanin mutane yana tafiya ga dattijon da ya daɗe yana shan taba. Tasa tana tasowa ne daga fatar da ta shimfiɗe cikin mafitsara, bayan shekaru masu yawa guba tana ratsa ta. Ta ƙaramin yaro wata aba ce dabam. Wadda aka fi samu sunanta rabdomayosakoma, kuma tana fitowa ne daga ƙwayoyin halittar da tun a ciki aka nufe su da zama tsoka, amma suka tsaya a hanya, ba su nuna ba, suka ci gaba da hayayyafa. A Amurka, duk faɗinta, yara da matasa kimanin 350 ne ake samu da ita a shekara, a dukan sassan jiki. Wurin da ta fi kamawa shi ne kai da wuya. Wani kaso yana kama hanyoyin fitsari da al'aura, kuma daga cikin wannan ne ake samun na mafitsara da furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Galibin waɗanda take kamawa a nan ba su kai shekara biyar ba, maza sun fi mata. Likitan yara zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko guda ba.

Wurin da ta zaɓa ta zauna shi ne babbar masifar. Ba ta cika fitowa a rufin mafitsara ba, inda za a iya yanke yanki a ɗinke. Tana fitowa ne a gindi, a wani ɗan fili mai kusurwa uku inda bututu biyu da suka taso daga ƙoda ke zuba fitsari, kuma inda ƙofar fita take. A nan ne tsokar da ke riƙe fitsari take, a nan jijiyoyin da za su yi wa yaro namiji aiki idan ya girma suke wucewa, dubura kuma tana manne a baya. Ƙarin da ya tsiro a nan yana toshe ƙofa, fitsari ya koma sama, ƙodoji su kumbura. Wani lokaci yana danne hanji, sai a yi ta fama da abin da ake zaton taurin bayan gida ne kawai. A jikin yaro namiji sau da yawa likitoci ba sa iya rabewa ko daga mafitsara ya fara ko daga furostet, shi ya sa ake haɗa su a kira su da suna ɗaya.

Akwai wani nau'i da duk wanda ya leƙa da na'ura ya gan shi ba ya mantawa. Ƙarin yana reto cikin mafitsara curi-curi, fari-fari, mai sheƙi, kamar nonon inabi. Sunan da aka sa masa a likitance ma daga kalmar Girkanci mai nufin nonon inabi aka ɗauko shi. Shi ne wanda gutsurensa kan fito a fitsari. Duk da munin kamarsa, yana cikin waɗanda suka fi jin magani.

Kafin a yi maganar magani, akwai aiki na farko: a buɗe wa fitsari hanya. Ana sa roba ta mafitar da Allah Ya halitta, idan ta ƙi shiga ko ƙodoji sun cika, a sa siririn bututu kai tsaye cikin ƙodar ta baya. Masana suna guje wa huda mara a zura roba cikin mafitsarar da ke ɗauke da ƙari, don kada a shuka ƙwayoyin sankara a hanyar da allurar ta bi. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma irinsa ne ke bambanta asibitin da ya saba da cutar da wanda bai saba ba. Kuma dole ƙoda ta dawo hayyacinta, domin magungunan da ke tafe ta nan za su fita.

Daga nan sai hoton MRI na ƙugu, wanda ke nuna iyakar ƙarin da abin da ya taɓa, da kaluluwar da ke kusa. Sai a sa yaro barci a zura siririn madubi ta hanyar fitsari a ciro ɗan yanki. Ko a nan akwai dabara: idan aka yanko naman da wayar da ke ƙonawa, zafin yana lalata shi har mai duba shi ya kasa karantawa, don haka an fi son a tsinko shi da ɗan hantsaki mai sanyi. Sannan a duba inda cutar ta saba gudu, wato huhu da hoton CT, da ƙashi, da ɓargo.

Ɗan naman nan da bai kai ƙwayar wake ba shi ne zai yanke hukuncin duk abin da zai biyo baya, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, sankarorin yara da yawa kamarsu ɗaya, ƙananan ƙwayoyi ne shuɗɗa a cunkushe. Sai an zuba wa naman wasu sinadarai masu rina sunadaran tsoka, irin su desmin da mayojenin, kafin a tabbatar cewa wannan ƙwayar tsoka ce da ta ɓata hanya. Bayan haka a nemi wani lahani a ƙwayoyin gado, inda wani yanki mai suna FOXO1 ya manne da PAX3 ko PAX7. Ƙarin da ke da wannan haɗi ya fi taurin kai, ya fi saurin yaɗuwa, kuma ana ba shi magani mai nauyi. Abin godiya, galibin na mafitsara ba su da shi.

Akwai kuma masu shigar burtu. Wani ƙari da ake kira IMT yana fitowa a mafitsarar yara, yana zubar da jini sosai, a hoto da ma a madubi yana iya kama da rabdomayosakoma, alhali ba shi da irin muguntarta. Yawanci tiyata kaɗai ke raba shi da yaro, wasu kuma masu lahani a ƙwayar gado ta ALK suna jin wani maganin sha mai suna kirizotinib. Idan aka yi kuskuren suna a nan, an ɗora wa yaro watanni na magunguna masu guba da ba ya buƙata. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙarin rabdoid, wanda aka fara bayyana shi a ƙodar yara a 1978. A mafitsara ba kasafai ake ganinsa ba ko kaɗan, amma idan ya zo, jarirai da 'yan ƙasa da shekara uku ya fi kamawa, kuma yana gudu kamar wutar daji. Ana gane shi ne da rashin wani sunadari da ƙwayar gado ta SMARCB1 ke samarwa. Maganinsa ya fi tsanani, sakamakonsa ya fi rauni, kuma wasu yaran da lahanin aka haife su, don haka ana gwada jininsu da na iyaye. Saboda irin wannan ne a ƙasashe da dama ake tura naman ga ƙwararren da ya saba da sankarar yara ya sake dubawa kafin a sa allurar farko. Kwanakin da wannan ke ci suna yi wa iyaye tsawo ƙwarai, na sani, amma ba ɓata lokaci ba ne.

Tambayar da kowace uwa ke yi, ko ta furta ko ta bar ta a zuci, ita ce me na yi, me na ci, me na bari. Ba ta yi komai ba. A mafi yawan yara ba a samun wani dalili daga abinci ko reno ko wani abin da ya faru lokacin goyon ciki. Kaɗan daga cikinsu ne ke da gadon lahani. A 1969 wasu likitoci biyu a Amurka, Frederick Li da Joseph Fraumeni, sun bi bayanan ɗaruruwan yaran da suka yi wannan cuta, suka gano wasu iyalai da sankara iri-iri ke bin su tun suna ƙanana. Daga baya aka gano lahanin yana a ƙwayar gado ta TP53. Sanin wannan yana da amfani ga yaron kansa, domin mai irin wannan gado gashi, wato haska jiki da haske mai ƙona ƙwayoyin sankara, yana iya haifar masa da wata sankarar a gaba.

Hankalin kowa, har da na likitan fiɗa da bai saba ba, yana cewa ga ƙari, a yanke shi. Haka aka yi a da. Kafin shekarun 1970, har ma a farkonsu, ana kwashe mafitsara da furostet, a yarinya a haɗa da mahaifa da farji, wani lokaci har dubura, yaro ya tashi da jakar fitsari a ciki. Duk da wannan ɓarna, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu rabdomayosakoma ke rayuwa, saboda ƙwayoyin cutar sun riga sun bazu inda wuƙa ba ta gani. A 1972 asibitocin Amurka suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar bincike guda, suna tara yaran da ke warwatse ɗaya-ɗaya suna gwada hanyoyin magani bi da bi. Turai ma ta yi nata. Da wannan haɗin kai ne adadin masu rayuwa ya haura kashi 70 cikin ɗari, kuma tsarin ya juye: magani ta jini, wato magungunan kashe sankara da ake sawa ta jijiya, shi ne farko, wuƙa ta koma baya.

Magungunan da ake dogaro da su tsofaffi ne. Binkiristin daga wani fure na tsibirin Madagaska aka samo shi. Aktinomaisin daga ƙwayar halittar da ke rayuwa cikin ƙasa, tun 1940 aka gano shi. Na ukun shi ne saikulofosfamaid a tsarin Amurka, ko ɗan'uwansa ifosfamaid a tsarin Turai. Ana ba da su zagaye-zagaye, yawanci duk bayan mako uku, tsawon wata shida zuwa kusan shekara, ta wata roba da ake dasawa a babbar jijiyar ƙirji don a huta da neman jijiya a hannun yaro. Gashin kai yana zubewa, baki yana yin gyambo, binkiristin yana sa taurin ciki da ciwon muƙamuƙi, wani yaron ya fara jan ƙafa. Aktinomaisin yana iya taɓa hanta, musamman a 'yan ƙanana, shi ya sa ake rage musu ma'auni. Na ukun kuwa, idan jiki ya sarrafa shi, yana fitar da wani sinadari da ke ƙona cikin mafitsarar da ake ƙoƙarin cetowa, don haka ake haɗa shi da ruwa mai yawa da wani magani mai suna mesna da ke kashe kaifinsa. Abu ɗaya da ya kamata duk mai jinyar irin wannan yaro ya riƙe: kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan kowane zagaye garkuwar jiki tana faɗuwa ƙasa warwas, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokaci ba na jira gari ya waye ba ne.

Bayan kamar wata uku ana sake hoto. A yawancin yara ƙarin ya motse sosai, amma da wuya ya ɓace. Magani ta jini kaɗai ba ya isa, sai an bi gurbin da gashi, wato haska shi da haske mai ƙona ƙwayoyin sankara, ko da tiyata, ko duka biyun. A nan ne shawara ta fi wuya, kuma a nan ne masana suka daɗe suna saɓani. Likitocin Amurka sun fi karkata ga gashi da wuri, don kada cutar ta dawo. Na Turai sun daɗe suna ƙoƙarin kauce masa a ƙananan yara idan da hali, ko da hakan na nufin wasu za su buƙaci magani karo na biyu. Kowane ɓangare yana da hujja, domin gashi daga waje a ƙugun ɗan shekara biyu yana taɓa ƙashin da bai gama girma ba, da hanji, da ƙwan haihuwa, kuma yana iya mayar da mafitsara ƙanƙanuwa mai tauri kamar busasshiyar fata.

Wani bincike na ƙungiyar Amurkan da aka buga a 2004 ya faɗi gaskiyar da ba a so a ji. An bi yara 88 masu wannan cuta a mafitsara ko furostet. Bayan shekara shida, kashi 82 cikin ɗari suna raye. Da yawa an bar musu mafitsararsu. Amma kashi 40 cikin ɗari ne kawai mafitsarar ke aiki yadda ya kamata. Sauran waɗanda aka bar wa ita suna fama da yoyo, ko yawan fitsari, ko kumburin ƙoda. Barin mafitsara a jiki dabam, barin mafitsara mai amfani dabam. Ina ganin wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa tambayar likita a kansa: yaron nan idan ya kai shekara goma, zai zauna a aji awa biyu wandonsa a bushe? Ƙodarsa za ta kai shi tsufa?

Neman amsar wannan ne ya haifar da hanyoyin da suka fi taƙaita ɓarna. A cibiyar Gustave Roussy da ke gefen birnin Faris, an daɗe ana haɗa ƙaramar tiyata da gashi daga ciki. Likitan fiɗa ya cire abin da zai ciru ba tare da taɓa ƙofar mafitsara ba, sannan ya jera wasu siraran bututun roba a kewayen gurbin. Ta cikinsu ake tura ɗan ƙaramin abu mai fitar da haske, ya yi aikinsa na kwanaki a daidai wurin, ƙarfinsa yana raguwa da sauri kafin ya kai ƙashi ko hanji. A rahoton da suka fitar a 2017 kan yara 100, kashi 91 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, kuma kaɗan ne suka rasa mafitsara. Sai dai ba kowane yaro ya dace da ita ba, ƙarin da ya hau bangon mafitsara sosai ya fi ƙarfinta. Akwai kuma gashin furoton, wanda haskensa ke tsayawa a zurfin da aka auna masa maimakon ya ratsa ya fita ta baya. A yarinya ana iya ɗage ƙwan haihuwa a kafe su sama, nesa da inda hasken zai bi.

Wani abu da ke ruɗa iyaye, har da likitoci, shi ne a gama magani hoto ya nuna saura. Ba kowace saura ce sankara mai rai ba. Magani yana iya tilasta wa ƙwayoyin su nuna, su zama kamar tsokar da aka nufe su da zama tun farko, su daina hayayyafa. An cire mafitsarar yara a baya saboda irin wannan saura, aka duba aka tarar babu abin tsoro a ciki. Yanzu an fi son a sa ido, a maimaita hoto.

Idan kuwa cutar ta ƙi ji ko ta dawo, cire mafitsara shi ne daidai, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin faɗuwa ba. Rai ne gaba. Daga baya ana iya ɗinka wata jaka da yankin hanji a cikin ciki. Wani likitan Faransa, Paul Mitrofanoff, ya bayyana wata dabara a 1980 ta amfani da afendiks, wato 'yar wutsiyar da ke jikin hanji, a matsayin ɗan bututu daga jakar zuwa cibiya. Yaro yana zura siririyar roba ta nan duk bayan awa uku ko huɗu ya zubar da fitsari, ya rufe rigarsa, ba jaka a waje, ba wari. Yara 'yan shekara shida ko bakwai suna koyon yi da kansu.

Ga waɗanda ke rukunin haɗari mai yawa, wani gwaji na Turai da aka buga sakamakonsa a 2019 ya nuna cewa ƙarin wata shida na magani marar nauyi bayan an gama babban, da binorelbin da ƙwayar saikulofosfamaid ta sha, ya ɗaga adadin masu rai bayan shekara biyar daga kusan kashi 74 zuwa fiye da 86 cikin ɗari. Inda har yanzu aka kasa gaba shi ne yaran da aka kawo bayan cutar ta kai huhu da ƙashi da ɓargo. A cikinsu ƙasa da ɗaya cikin uku ne ke warkewa, kuma shekaru da yawa adadin bai motsa sosai ba.

Duk waɗannan alƙaluma daga ƙasashe masu hali suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a can fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba su kai 30 ba, kuma a 2018 ta sa burin kai wa kashi 60 a duniya baki ɗaya kafin 2030. Abin da ke ci mini rai shi ne giɓin ba na furoton ba ne kaɗai. Magunguna ukun nan sun haura shekara hamsin a hannun likitoci. Abin da ke kashe yaran shi ne zuwa a makare, da naman da ba a samu mai karanta shi daidai ba, da tiyatar gaggawa da aka yi kafin a san sunan cutar, da katse magani a tsakiya lokacin da ƙari ya motse, fitsari ya dawo, yaro ya fara wasa, iyali suka ga kamar an gama.

Bayan an gama magani, shekara biyu zuwa uku na farko su ne na fargaba, domin a cikinsu ne cutar ta fi dawowa, shi ya sa ake hoton ƙugu da na ƙirji duk bayan 'yan watanni. Daga nan sai hankali ya koma kan abin da maganin ya bari. Ana auna yawan abin da mafitsara ke ɗauka da ƙarfin matsin da ke cikinta, domin mafitsara mai tauri tana iya cinye ƙoda a hankali ba tare da wani ciwo ba. Wanda aka ba ifosfamaid ana duba ko ƙodarsa tana zubar da gishirin da ƙashi ke buƙata. Ana bin tsayinsa, da tafiyarsa, da lokacin balagarsa. Sannan akwai maganar haihuwa da ta kusantar iyali, wadda yaron da aka yi wa magani yana ɗan shekara biyu ba zai san ya tambaya ba sai ya kai sha biyar ko ashirin, lokacin da likitocin da suka yi masa aiki wataƙila sun bar wurin. Don haka yana da kyau iyaye su karɓi takarda guda da ta ƙunshi sunan cutar, da sunan kowane magani da jimillar abin da aka ba shi, da wurin da aka gasa da ma'auninsa, su adana ta har ranar da za su miƙa masa a hannunsa.